Ciniki da vokal, bashi a cikin iska: karatu da rubutu a kasuwanninmu zamanin intanet

Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, zai ga wani abu da ya zama ruwan dare: ɗan kasuwa zaune a bakin rumfa ya kara gindin salula a baki yana magana shi kaɗai, can kuma wata hajiya ta manna tata a kunne tana kaɗa kai. Ba kira suke yi ba. Saƙon murya ne na WhatsApp, wanda kowa ya fi sani da vokal. Da shi ake tambayar kuɗin buhun wake a Tasawa, da shi ake sanar da tasowar motar albasa daga Galmi, da shi ake jin yadda naira ta kwana a Jibiya. Kuma da shi ne, abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, ake ɗaukar kayan miliyoyi bashi ba tare da an ɗiga ko baƙi ɗaya a kan takarda ba.

Masu karatu za su tuna cewa abin bai daɗe ba. A shekarar 2001 ne kamfanin Celtel ya fara aikin salula a Nijar, kamfanin da ya koma Zain a 2008, ya kuma koma Airtel a 2010. Kafin nan, wanda yake son ya san farashin hatsi a wata kasuwa sai ya jira direba ya dawo, ko ya saurari rahoton farashi a rediyo, ko kuwa ya ɗaure kuɗin mota ya je da kansa. Wata malamar jami'a ƴar Amurka mai suna Jenny Aker ta bi diddigin kasuwannin hatsi na ƙasarmu tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa inda salula ta isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wannan ba labari ba ne ga ƴan kasuwa, su ne suka yi shi da kansu. To amma a wancan lokaci kira yana da tsada, shi ya sa mutane da yawa suka koma ga ɗan gajeren saƙon rubutu, kuma a nan ne wani abin mamaki ya faru: mutanen da suka bar lakol tun daga aji uku, waɗanda suka yi shekaru ba su riƙe bik ba, sai ga su suna haɗa baƙaƙe da babban yatsa.

Har gwaji aka yi a kan haka. A 2009 da 2010 an gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services. An buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, maza da mata. A rabin ƙauyukan an koya wa ɗalibai karatu da lissafi kamar yadda aka saba, a ɗaya rabin kuma an ƙara musu da koyon aiki da salula: yadda ake gane lambobi, yadda ake rubuta saƙo, yadda ake karanta shi. Da aka yi jarrabawa, ƴan ajin salula suka fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bayan an rufe aji da watanni ba su manta da wuri ba. Dalilin a fili yake. Wanda ya koyi karatu a ƙauyen da babu jarida, babu littafi, babu ko allon talla, da me zai riƙa tisawa? Salula ta ba shi abin karantawa kullum a cikin aljihu.

Sai vokal ya zo

An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, aka saka masa saƙon murya a 2013. Da wayoyin shafa suka yi araha, kuɗin mega kuma ya sauko, sai jama'a suka yi caa a kansa. Ba mu ga laifinsu ba. A ƙasar da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna waɗanda suka iya karatu cikin manya ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma mata sun fi maza zama a baya, vokal ya buɗe wata ƙofa da ta daɗe a rufe. Mai sayar da turaren wuta da ke cikin kulle a unguwar Zariya tana iya ɗaukar hoton kayanta, ta ɗora a kan status, ta amsa masu tambaya da bakinta, ta aiki yaro ya kai, ba ta nemi kowa ya karanta mata komai ba. A da, macen da mijinta ya tafi bida Legas ko Abijan sai ta kai wasiƙarsa wurin ɗan lakol ya karanta mata, unguwa duka ta ji sirrinta. Yau tana jin muryarsa ita kaɗai. Wannan alheri ne babba, kuma duk mai ilimin da ke raina shi bai taɓa tsayawa a gaban wani yana jiran a karanta masa takardarsa ba.

Sai dai kuma wanda ya sami hanyar da ta fi sauƙi ba ya komawa mai wuya. Waɗanda saƙon rubutu ya tilasta wa haɗa baƙaƙe sun saki. Har waɗanda suka yi karatu mai zurfi sun koma danna alamar makirofo, domin minti guda na magana ya fi layi goma na rubutu sauri. Abin da ya rage na karatu a hannun mutane da yawa shi ne gane hoton mai lamba. Mun san ƴan kasuwa da ke ajiye sunayen abokan hulɗarsu da ƴan hotunan nan na waya: mai albasa alamar albasa, direba alamar mota, wanda ake bi bashi kuma jan ɗigo. Dabara ce mai kyau, har ranar da direbobi suka zama huɗu.

Inda gizo ke saƙa

Ciniki na ido da ido ba ya bukatar rubutu: ga kaya, ga kuɗi, Allah ya sa albarka. Amma rabin kasuwancinmu bashi ne. Babban ɗan kasuwa ya ba na ƙasa da shi, na ƙasa ya ba mai tebur, mai tebur ta ba maƙwabciya sai ƙarshen wata. A da, ko wanda bai shiga lakol ba yana da kaye mai datti a ƙarƙashin tebur, wani da ajami, wani da zane-zanen da shi kaɗai ya san ma'anarsu, wani kuma yaronsa ne ke rubuta masa. In ciniki ya yi girma, akwai dillali, akwai mai masauki, akwai shaidu da suka ji da kunnensu. Yanzu mutum biyu ne kawai da wayoyinsu, ɗaya a Ƙonni ɗaya a Lome.

A ce Alhaji ya aika wa abokin cinikinsa buhu 40 na aya, suka yi magana da vokal a kan farashi da ranar biya. Bayan wata uku aka zo lissafi, wannan ya ce kaza muka yi, wancan ya ce a'a. Ina maganar take? Tana cikin saƙonni ɗari uku ko huɗu, tsakanin gaisuwar Juma'a, da barka da suna, da wa'azin da aka turo. Rubutu ana iya nemansa: ka buga kalmar aya a gurbin bincike, waya ta fito maka da duk inda aka ambace ta. Murya kuwa ba ta bincikuwa. Sai dai ka zauna ka saurara ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sallamarsa da ina gajiya da ina iyali kafin a kai ga batu. Wanda ya taɓa yin wannan aiki a tsakar rana, masu saye na tsaye, ya san abin da muke nufi.

Wannan ma in saƙon yana nan ke nan. Tun 2017 WhatsApp ya ba wanda ya aiko saƙo damar goge shi daga wayarsa da taka baki ɗaya cikin wani ɗan lokaci. A 2020 aka kawo saƙonni masu ɓacewa da kansu bayan kwanaki, a ƙarshen 2023 kuma aka ƙara vokal wanda sau ɗaya tak ake jinsa ya tafi. An yi waɗannan ne don kare sirri, ba don cuta ba, amma mai niyyar cin amana ya san amfaninsu. Ban da haka, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a tasha, tana cika har mai gyara ya ce sai an wanke ta. Mutum nawa ne cikinmu suka san ko saƙonninsu na da ajiya a wani wuri? Galibi wani yaro ne a bakin kasuwa ya buɗe musu adireshin intanet ranar da suka sayi wayar, shi ma ya manta lambobin sirrin.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne mutuwa. In ɗan kasuwa ya rasu ya bar kaye, magada suna buɗewa su ga wa yake bi, wa ke binsa. In ya bar waya a kulle, sai dai a dogara ga tsoron Allah na waɗanda suka ci bashin. Wasu suna zuwa da kansu su faɗa, Allah ya saka musu. Wasu kuwa shiru, marayu suna ji suna gani. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ta sauka ne ga al'ummar da masu rubutu ba su da yawa a cikinta.

Ta wajen dokar zamani kuma, Nijar tana cikin ƙasashen OHADA masu dokar kasuwanci guda. Dokar da aka sabunta a 2010 ta yarda a kafa hujjar ciniki tsakanin ƴan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Ke nan vokal ba abin yarwa ba ne a gaban alƙali. Amma sai yana nan, kuma sai maganar cikinsa ta fito sarai. "To shi ke nan, kamar yadda muka yi" ba ta gaya wa alƙali ko buhu nawa ba ne. Dokar nan kuma ta ɗora wa ko ƙaramin mai sana'a da ya yi rajista ya riƙe littafin shigar kuɗi da fitarsu.

Baki na ƙirga dala, waya na ƙirga faran

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu, wadda masu ƙera waya ba su san da ita ba. Mu da dala muke lissafi. Dala ɗaya faran 5 ce, dala ashirin faran 100, jika guda faran 1.000. In mai tumatir ta ce ɗari biyar, faran 2.500 take nufi. Amma waya ba ta san dala ba. Wurin tura kuɗi, ko ta Airtel Money, ko ta Nita, ko Amana, ko Al Izza, da faran ake rubutawa, da faran kuma saƙon shaida ke zuwa. Wanda ya ji ɗari biyar a vokal ya rubuta 500 ya biya kashi ɗaya cikin biyar ke nan. In kuwa abokin cinikin na Katsina ne ko Kano, ɗari biyar ɗinsa naira 500 ce cif, sai an sake juyawa. Tsofaffin hannu ba sa ruɗewa, amma yaran shago da matan da suka fara sana'a daga gida suna faɗawa wannan rami, kuma gardamar da ke biyo baya ba ta da daɗin ji, domin kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Sai kuma sifiri. Tsakanin 150.000 da 1.500.000 ɗan zagaye ɗaya ne, amma jarin wani ne gaba ɗaya. Mai sayarwar da ba ta karanta saƙon shaida, ta dogara ga ƙarar da wayar ta yi ko hoton resi da aka turo mata, ta ba ɗan damfara wuri. Sananniyar dabara ce: a turo saƙo mai kama da na kamfani daga wata lamba, ko a gyara hoton tsohon resi a sauya adadi da kwanan wata, a ce Hajiya na turo, a ba yaro kaya. Ko kuma a kira a ce an yi kuskuren tura miki kuɗi, don Allah ki mayar. Maganin duka ɗaya ne, a duba abin da ke cikin asusu da ido kafin kaya su fita, kuma wannan duba karatu ne, ko da na lambobi ne kawai. A ganinmu macen da ta iya karanta lamba har miliyan, da kwanan wata, da sunanta, ta rufe ƙofofin asara da yawa, kuma wannan ba karatun shekara shida ba ne.

Rubutun da ake yi, wane iri ne?

Kada a ce ba a rubutu sam. Ana yi, kuma Hausa ba ta taɓa samun masu rubuta ta da yawa kamar yau ba. Sai dai kowa da kiɗansa. Ɗan Nijar da ya yi lakol da Faransanci yana rubuta koudi, tchiniki, chinkafa, hadjia. Ɗan Najeriya yana rubuta kudi, chiniki, shinkafa. Saboda haka chi a wurin na Maraɗi shi ne, a wurin na Kano kuwa ci ne. Ga shi kuwa ƙa'ida tana nan: tun taron Bamako na 1966 aka fara daidaita rubutun harsunanmu, gwamnatin Nijar kuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999. Amma ƙa'idar ta tsaya a azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun gwaji, ba ta sauko kasuwa ba.

Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ne suka fi shan wuya. Tsofaffin wayoyi ba su da su. Ko a wayar da ke da su, gajeren saƙo ɗaya yana ɗaukar baƙi 160, amma da ka saka ƙ guda sai ya koma 70, a ci ka kuɗin saƙo biyu ko uku. Haka mutane suka saba yar da su, har ya zama ɗabi'a. Yawanci ana ganewa: in aka rubuto kaya sun kare, babu mai zaton ana maganar kare mai haushi. Amma a dubi wannan: kudin ya bata. Kuɗin ya ɓata ne, ko kuwa kuɗin ya ba ta? Tsakanin biyun akwai zumuncin da zai iya tsinkewa. Yau a wayar shafa ana iya saka allon rubutu na Hausa kyauta, irin Gboard, ƙugiyoyin duk suna ciki, kuma a WhatsApp ba a ƙirga baƙi. Minti biyar ya isa a saka shi.

Wajen karatu kuwa, mata sun ba maza kunya. Littattafan soyayya da suka taso daga Kano tun shekarun 1980, waɗanda ake sarowa ana hayarsu a Maraɗi da Damagaram, yawancinsu sun koma waya. Marubuciya tana sakin shafi-shafi a zauren WhatsApp ko a Wattpad, farko kyauta, in labari ya yi daɗi sai a biya kuɗin shiga. Mata da yawa a nan suka goge karatunsu na Hausar boko, tsakanin mai saye da mai saye. Wasu malamai suna kuka da abin da ke cikin wasu littattafan, kuma kukan nasu yana da tushe. Amma wadda ta karanta shafi ɗari na labari ba za ta kasa karanta resi ba. Su ma ɗin yanzu murya tana bin su, domin ana karanta littattafan a YouTube mutum ya saurara yana aiki.

Abin da wasu ke yi

Ƴan kasuwar da suka taɓa ƙonewa sun samo wa kansu hanya, ba tare da sun bar vokal ba. A yi gaisuwa da tayi da ragi duk da baki. In an daidaita, sai ɗaya ya rubuta layi guda: aya buhu 40, kowane kaza da faran, biya ranar kaza ga wata. Ɗayan ya amsa da na yarda. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko yaron shago ya rubuta, a karanta masa ya ji. Sannan a danna wa saƙon alamar tauraro don a same shi da wuri, da dare kuma a kwafe shi cikin kaye. Masu ajami suna rubutawa a takarda su ɗauki hotonta su tura, kuma wannan ya wadatar, tun da abokin ciniki ya iya karantawa. Uwayen adashi ma sun fara haka: bayan kowane zubi a ɗauki hoton shafin kaye a saka a zauren ƴan adashi, kowa ta ga sunanta da abin da ta zuba, tun kafin ranar kwasa ta zo da rigima.

Wasu na cewa a jira, na'ura za ta ɗauke wannan wahala. Gaskiya ne Google ya saka Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, kuma a 2024 WhatsApp ya fito da hanyar mayar da vokal rubutu. Amma harsunan da ya fara da su irin su Ingilishi da Sifaniyanci ne, babu Hausa. Ko ranar da ta zo, na'urar da za ta ji ɗari biyar a bakin ƴar Tawa ta rubuta 2.500 ba ta kusa ba, kuma abin da ta rubuta ɗin sai an sami mai karanta shi.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ƴan kasuwa suna da abin nema a cikin wannan. Saƙonnin shaidar kuɗi da resi da takardun haraji da ke zuwa hannunmu da Faransanci aka saba rubuta su, alhali masu karɓarsu da Hausa suke ciniki. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna iya zuwa wurin kamfanonin waya da na tura kuɗi su nemi a riƙa aiko saƙon da Hausa ga wanda ya zaɓa. Suna kuma iya ɗaukar malamin yaƙi da jahilci guda a kowace kasuwa, awa ɗaya bayan la'asar lokacin da ciniki ya lafa, mata da nasu aji, a fara da lambobi da kwanan wata a kan wayar da kowa ke riƙe da ita.